Gawayin Gona da Jikin Ƙasa

Manomi yakan lura da abu biyu a gonarsa. Na farko shi ne abincin da ƙasa ke bai wa shuka, wato aikin taki. Na biyu kuwa shi ne jikin ƙasar kanta: laushinta ko taurinta, yadda take shan ruwa, yadda take riƙe shi, da yadda iska ke ratsa ta. Ƙasa mai kyau kusan rabinta ƙananan ramuka ne, inda ruwa da iska ke zama. Idan ramukan nan suka toshe, ko suka cika faɗi, shuka takan wahala ko da an zuba mata taki. A wannan darasi za mu ga yadda gawayin gona ke gyara jikin ƙasa, tun daga huɗa har zuwa girbi.

Gawayin gona, wanda masana ke kira bayoca, ana yin sa ne da ragowar amfanin gona, kamar buntun shinkafa, totuwar masara, ɓawon gyaɗa da karan dawa. Akan gasa su a rufaffen rami ko ganga, inda iska kaɗan ce ke shiga, da zafin da yakan kai digiri 350 zuwa 600. Da an bar iska ta shiga sosai, da toka za a samu. Toka takan bi ruwa ta tafi, amma gawayi yakan daɗe a ƙasa shekaru masu yawa. Idan aka duba shi da madubin likita, za a ga jikinsa cike da ƙofofi kamar soso. Waɗannan ƙofofi su ne sirrin aikinsa.

Wannan dabara tsohuwa ce. A yankin kogin Amazon, a ƙasar Burazil, akwai wurare masu baƙar ƙasa da mutanen da suka bari. Sun riƙa haɗa gawayi da sharar gida da fasassun tukwane a wurin. Wasu daga cikin wuraren sun haura shekara 1,000, amma har yau sun fi ƙasar da ke kewaye da su albarka.

Amfanin farko yana bayyana ne a lokacin huɗa. Gawayi ba shi da nauyi, saboda haka idan aka cuɗa shi da ƙasar sama, zurfin kamar santimita 15 zuwa 20, sai ƙasar ta yi laushi. Garma takan shiga da sauƙi, iri kuma ya samu hanyar tsirowa. Saiwar ƙaramin tsiro ba ta da ƙarfi. Idan ta ci karo da ƙasa mai tauri sai ta lanƙwashe, tsiron ya tsumbure.

Amfani na biyu ya shafi ruwa. A jigawa, wato gona mai yawan rairayi, ruwa yakan zarce ƙasa da sauri. Sau da yawa a farkon damina ruwa yakan ɗauke na wasu kwanaki bayan an yi shuka. A irin wannan lokaci ne manomi yakan yi asarar irinsa, ya koma yin sabuwar shuka. Ƙofofin gawayi sukan tsotse ruwa su riƙe, su riƙa sakin sa a hankali. Ta haka gona takan ƙara kwanaki da danshi. Bincike ya nuna cewa wannan amfani ya fi bayyana a ƙasa mai rairayi.

A tsakiyar damina matsalar takan sauya. Ruwan sama mai ƙarfi yakan daki ƙasa, ya farfasa ta, samanta ya yi ɓawo. Daga nan sai ruwa ya riƙa gudu a kan gona, yana kwashe ƙasa. Gawayi yakan zama mazaunin ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Su da saiwoyi sukan taimaka wajen ɗaure ƙasa ta zama ƙananan curi-curi, waɗanda ruwa ba ya saurin wargaza su. A ƙasar laka kuwa, inda ruwa ke kwanciya, gawayi mai ɗan girma yakan buɗe hanyar iska, domin saiwa ma tana numfashi.

Sai dai akwai abin kiyayewa. Gawayi shi kaɗai ba ya ƙosar da shuka. Sabon gawayi ma yakan tsotse abincin da ke cikin ƙasa, har ganye ya yi rawaya. Don haka akan cuɗa shi da takin dabbobi, a jiƙa, a bar shi na 'yan makonni kafin a kai gona. Jiƙawar tana kuma hana iska kwashe garinsa. Haka nan bai kamata a sare itatuwa don yin sa ba. A wurare irin su Kano da Kebbi da Abakaliki, inda ake casar shinkafa da yawa, buntu yakan taru tsibi-tsibi, kuma shi ya fi dacewa da wannan aiki. Bayan girbi gawayin yana nan a gona, zai ci gaba da aiki a damina mai zuwa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ku samo gwangwani biyu, ku huda gindinsu. Ku cika ɗaya da rairayi zalla, ɗayan kuma da rairayi da aka cuɗa da dakakken gawayi. Ku zuba wa kowanne ruwa kofi ɗaya, ku auna wanda ya tsiyaye. Bayan kwana 3 ku taɓa ƙasar, ku rubuta abin da kuka gani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin toka da gawayin gona?
2. Ta yaya gawayi ke taimakon gonar jigawa idan ruwa ya ɗauke?
3. Don me ake cuɗa sabon gawayi da takin dabbobi?
4. Yi jimla da kowace kalma: huɗa, danshi, saiwa, buntu.