Agogon Cikin Tsoka da Tuwon Dare a Gesheme

Jikin ɗan Adam ba ya sarrafa abinci iri ɗaya a kowace sa'a, domin malmalar tuwon da aka ci da hantsi da wadda aka ci bayan lisha, ko da daga tukunya guda aka kwashe su, ba tarba ɗaya suke samu ba idan sun isa jini. Dalilin haka shi ne abin da masana ke kira agogon jiki, wato wani tsari na halitta da ke kewayawa sau ɗaya a kusan sa'o'i 24, yana tsara barci da farkawa, da hawa da saukar zafin jiki, da fitar sinadaran da ke ba gaɓoɓi umarni. Uban agogon yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Tarin ƙwayoyin jijiya ne kimanin 20,000 da aka gano aikinsu a 1972, kuma hasken da ke shiga ido ne yake saita shi kowace safiya.

Yadda agogon yake lissafin lokaci an fara fahimtarsa ne a jikin wani ɗan ƙaramin ƙuda mai bin ƴaƴan itace. A 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer suka gano wata ƙwayar gado, wato ɗaya daga cikin umarnin da iyaye ke gadar wa ƴaƴansu, wadda idan ta samu tangarɗa ranar ƙudan takan gajarce, ko ta tsawaita, ko ta rikice gaba ɗaya. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka ware ta a 1984, daga baya aka nuna cewa tana sa a ƙera wani furotin da ke taruwa da dare, idan ya yi yawa sai ya koma ya rufe ƙwayar da ta haife shi, sannan ya lalace da rana a sake sabon zagaye. Wannan aiki ne ya ba su ukun kyautar Nobel a 2017. Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki: kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, wato ƙananan ɗakunan da aka gina nama da su, tana ɗauke da irin wannan agogo, kuma na hanta da na tsoka suna sauraren lokacin cin abinci da lokacin aiki baya ga saƙon da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa.

A Gesheme ana iya ganin yadda wannan agogo ke bin rana. Gesheme, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tibiri ta jihar Doso a Nijar, wadda a da take ƙarƙashin Dogondutsi, wato Dutsi, tana cikin kwarin Dallol Mawri a ƙasar Arewa, kuma wuri ne da rana ba ta cika saɓa alkawari ba, don tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bambancin bai wuce kimanin sa'a ɗaya da rabi ba. Agogon bango ne ma ya ɗan yi gaba, tun da lokacin hukuma na Nijar ya riga rana da kusan minti 45 a wannan yanki na yamma, shi ya sa rana ba ta yin tsaka sai ƙarfe ɗaya saura. Manomin Arewa dai da rana da kiran salla yake aiki. Da damina yakan yi sammako bayan asuba, ya taɓa ɗumame ko kunu, ya kama hauya har rana ta take, a kawo masa fura a ƙwarya ya sha a gindin gawo, sai da dare ya zauna wa tuwon hatsi. Matar gida kuwa tsokar kafaɗunta da ta bayanta tun duku-duku take tsakanin turmi da igiyar guga.

Tsoka ita ce gaɓar da ta fi kowace nauyi a jiki, tana kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin baligi, kuma makamashi iri biyu take ƙonawa. Na farko sukari ne, wanda jiki ke fitarwa daga hatsi da dawa da rogo, yana adana shi a dunƙule da sunan gilaikojin, kimanin giram 400 a tsoka da 100 a hanta. Na biyu kitse ne, wanda giram ɗaya nasa ya fi giram biyu na sukari ƙarfi. Gilaikojin kamar garin da aka riga aka daka ne yana jira a ƙwarya, nan take za a iya tuƙa shi amma ba ya kai ko'ina, shi kuwa kitse kamar damman hatsi ne a rumbu, yana da auki amma sai an sussuka an surfa kafin ya shiga tukunya. Ba a ƙarƙashin fata da tumbi kaɗai kitse yake ba. A cikin zaren tsoka kanta akwai ƙananan ɗigon maiƙo da ke jingine da mitokondiriya, wato ƴan murhunan da ke ƙona abinci su fitar da ƙarfi, kuma bangon kowace ƙwayar halitta da maiƙo aka yi shi. Tsoka mai lafiya takan koma ga kitse idan ciki ya daɗe babu komai, kamar a ƙarshen dare, ta kuma juya ga sukari da zarar an ci abinci, bisa umarnin insulin, sinadarin da wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa domin buɗe wa sukari ƙofa.

A 2017 masana daga jami'o'in Janiba a Suwizalan da Bath da Surrey a Ingila, cikinsu har da Charna Dibner da Howard Riezman, suka wallafa binciken da ya nuna cewa maiƙon tsoka yana da nasa jadawali. An kwantar da masu sa kai, aka hana su zirga-zirga, aka riƙa ba su ɗan abinci daidai wa daida kowace sa'a domin kada cin rana ko na dare ya ruɗa sakamakon, sannan kowane sa'o'i huɗu a tsinko ɗan nama daga cinyarsu da allura, har aka zagaye dare da rana. Duk da haka nau'o'in maiƙo da dama suka riƙa hawa da sauka bisa lokaci. Don a tabbatar ba ƙwaƙwalwa ce kaɗai ke kaɗa wannan ganga ba, sai aka raini ƙwayoyin tsokar mutum a faranti, inda babu ido balle rana, kuma a can ma hawa da saukar ta ci gaba. Da aka toshe ƙwayar gadon da ake kira CLOCK kuwa, sai tsarin ya yi rauni sosai. A 2018 ayarin ya ƙara nuna cewa ƙwayoyin da aka lalata wa agogo ba sa jan sukari yadda ya kamata idan an zuba musu insulin, alhali tsoka ce babbar masaukin sukarin da insulin ke kwashewa daga jini, kuma taurin kanta ga insulin yana cikin matakan farko na ciwon sukari irin na manya.

Masanan jami'ar Mastirik a Holan sun zo wa lamarin ta wata fuska. A 2016 sun auna ƙarfin murhunan tsoka suka tarar ya fi yawa wajen ƙarfe 11 na dare, ya fi ƙasa wajen ƙarfe ɗaya na rana. A 2018 kuma suka juya wa samari 14 dare ya koma rana, cikin ƴan kwanaki tsokarsu ta rage jin insulin, agogonta kuma ya ƙi bin sabon tsarin. Duk da cewa murhunan sun fi ƙarfi da dare, an daɗe da sanin cewa abinci iri ɗaya ya fi ɗaga sukarin jini da dare a kan da safe.

Wanda wannan ya fi shafa a Arewa shi ne ɗan cin rani da ya samu aikin gadi a Sakkwato ko Ikko ko Kwatano, da direban da ke raba dare a kan hanyar Yamai zuwa Doso, Dutsi da Ƙonni, da ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, domin suna ci a lokacin da tsokarsu ta riga ta rufe kasuwa. Haka ma zaman fada, inda matasa ke kewaye butar shayi a kan gawayi, a sha na farko mai ɗaci, a ƙara ruwa da sukari a sha na biyu da na uku har tsakar dare, ga hasken waya a fuska yana jinkirta uban agogon. Watan azumi ma yakan mayar da ci tsakanin magariba da asuba, abin da ya sa likitoci ke son mai ciwon sukari ya je a daidaita masa magani tun kafin ganin wata.

Sai dai zai zama garaje a ɗauki sakamakon da aka samu a jikin mutane ƙalilan da ke kwance a ɗakin gwaji a Turai a yanke wa tuwon dare hukunci da shi, domin tsokar da ta yini tana noma wata aba ce daban. Tun 2001 Bret Goodpaster da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƴan tseren dogon zango suna da maiƙo mai yawa a tsoka kamar masu ciwon sukari, amma jikinsu yana jin insulin sosai, saboda nasu maiƙon kullum ana ɗiba ana mayarwa. Tsokar da ke motsi tana iya jan sukari daga jini ko babu insulin, kuma wadda ta zazzage gilaikojinta a gona da yunwa take tarbar tuwon lisha, ta mayar da shi ma'ajiyarta kafin gari ya waye. Wannan kariya dai ba ta ajiyuwa, kwana ɗaya zuwa biyu take yi bayan aikin ƙarshe sannan ta fara janyewa, don haka manomin Arewan da ya jingine hauya ya koma zaman shago a Dutsi ko Yamai, da malmalarsa ta da da lokacin cinsa na da, a cikin makon farko tsokarsa take fara karɓar wannan tuwo da wani lissafi.