Sana'ar Sassaƙa Ƙananan Jiragen Ruwa na Katako

Daga cikin sana'o'in hannu da ɗan Adam ya daɗe da su akwai sassaƙa ƙaramin jirgin ruwa na katako, wanda za a iya ɗorawa bisa tebur, alhali kuwa babu wani abu na babban jirgi, tun daga ƙashin bayansa har zuwa igiyoyin filafilansa, da ba a kwaikwaya a jikinsa ba. A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi suka buɗe kabarin Meketre, wani babban bafaden Fir'auna, kusa da Luksor, suka tarar da ƙananan jirage da matuƙansu, waɗanda aka sassaƙa kimanin shekara 4,000 da suka shige. A Ingila kuwa, tun ƙarni na 17 ake yi wa hukumar mayaƙan ruwa irin waɗannan, kuma da yawansu suna nan a gidan tarihi na Girinic. Hatta fursunonin Faransa da aka tsare a Ingila zamanin yaƙoƙin Nafoliyon, da ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa yi suna sayarwa.

Asalin aikin duka shi ne taswira da ma'auni. Magini yakan nemi zanen jirgin ta fuska uku, wato ta gefe, ta sama, da ta gaba da baya, sa'an nan ya zaɓi ƙa'idar ragewa, wadda mafi shahararta a wurin Ingilishi ita ce 1 bisa 48, ma'ana rubu'in inci yana a madadin ƙafa guda. Wani jirgin yaƙi mai suna Victory, da aka saka a ruwa a 1765, wanda tsawon daɓen igwoginsa ƙafa 186 ne, a wannan lissafi sai ya koma inci 46 da rabi. Amma fa kuskuren milimita ɗaya a hannun magini daidai yake da kusan santimita 5 a jikin jirgin na haƙiƙa, saboda haka masana suka fi ba awo muhimmanci bisa ga yanka.

Kayan aikin ba su da yawa: siririn zarto mai bin lanƙwasa, wuƙa mai kaifin aska, ƙananan magagarai, samfefa, hantsaki, ɗan mahuji da ake murzawa da yatsu, farin gam na kafinta, da 'yan matsai irin na shanyar tufafi. Zaɓen katako ya fi buƙatar basira, domin jirgi ana rage shi, amma idon katako ba ya raguwa. Itace mai buɗaɗɗen ido, wanda yake ado a jikin ƙofa, idan aka sa shi a ƙaramin jirgi sai ya zama kamar gara ta ci shi. Don haka ake neman mai laushin jiki da matsattsen ido, kamar bokswud da itacen fiyar Turai.

Wajen gina jikin jirgin, akwai mai fafe gungume guda, akwai mai jera falankai bisa juna ya sassaƙe, amma tafarkin da ya fi kusa da na magina jiragen gaske shi ne a kafa ƙashin baya, a jera masa haƙarƙari, a goge gefunansu har siririn katako ya kwanta a kansu ba tudu ba kwari, kana a lulluɓe da falankai. A nan ne ake gane gwani. Cikin jirgi yana da faɗi a tsakiya, ya tsuke a goshi, saboda haka lalle ne a auna kowane haƙarƙari da zirin takarda, a raba tsawonsa da adadin falankan, a fiƙe kowane falanki gwargwadon rabonsa. Sa'an nan a jiƙa shi, a lanƙwasa bisa zazzafan ƙarfe, a bar shi ya bushe a kan siffar kafin a shafa gam. Wanda ya tilasta wa busasshen falanki, ƙarar karyewarsa zai ji tsakanin yatsunsa. Kuma a riƙa sa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, don kada jirgin ya murɗe. Ƙusoshin ma na gora ne, da ake zarewa ta ramukan farantin ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami, har su koma kamar allura.

Igiyoyi su ne ƙarshe, kuma iri biyu ne: masu riƙe turaku ana yin su baƙaƙe, domin na asali kwalta ake shafa musu, masu jan filafilai kuwa a bar su da launin zare, kowanne a ja shi ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta.

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa ƙera motar kara kana yaro, to hannunka ya riga ya san mafarin wannan fanni. Sai dai kada ka soma da jirgi mai igwa ɗari, wanda yakan ci wa gwanaye shekaru. Ka fara da kwalekwale mai turke guda, ka kammala shi tukuna.