Finafinan sarautar Chana: abin da rubutun ƙasan allo ke cinye mana

Duk mai zaga gidajen 'yan'uwa a Kwatano, Lome, Akara ko Duala ya san fim ɗin Chana ya sauya kama. Da can idan aka ce ɗan Chana, faɗa ake nufi, a yi tsalle, a karya katako, ko ba ka jin kalma ɗaya ka gane wanda ya ci. Yanzu kuwa abin da ke shigowa ta dikoda da wayoyin yara shi ne finafinan sarauta masu dogon zango, inda za a yi kashi uku cur ba a zare takobi ba, sai magana. To fim ɗin da magana ce jarinsa, rabin daɗinsa yana hannun mai fassara. Gardamar da ake yi a majalisu da ɗakunan mata kan waɗannan finafinai ba ta wuce abu uku: iya wasa, tsawon labari, da fassara.

Waye ya iya wasa?

Maza sun fi tafka musu a kan Three Kingdoms na 2010, mai kashi 95, musamman kan Chen Jianbin da ya fito a matsayin Cao Cao (ana faɗin sunan kamar Tsau Tsau). Wasu na ganin ya ba makirin nan rai, mutum ne da zai yi maka dariya yana lissafin kanka. Wasu kuma na cewa dariyar da tsalle-tsallen sun yi yawa, shugaba ba ya zubar da girma haka, gara wanda ya yi a tsohon na 1994. Su kansu 'yan Chana sun rabu a kan wannan, don haka ba mu muka fara ba.

Mata kuwa Sun Li ce tasu, jarumar Empresses in the Palace na 2011. Ta shiga gidan sarki yarinya mai fara'a, ta ƙare dattijuwa mai idon da ba ya ƙiftawa, kuma mai kallo ba zai iya nuna ranar da ta canza ba. Amma ga abin da da yawa ba su sani ba: muryar da ake ji ba tata ba ce, ta wata ƙwararriyar mai ɗora murya ce, Ji Guanlin. Wannan al'ada ce a finafinan tarihin Chana, a ɗauki hoto da wani, a ɗora murya da wani. Idan kuma aka sake ɗora Faransanci ko Hausa a kai, to mutum uku ke nan suka yi tarayya a hawayen da kika zubar.

Kashi saba'in da shida, ina za a kai su?

Ƙorafin 'yan kasuwa na farko shi ne tsawo. Empresses in the Palace kashi 76 ne, Story of Yanxi Palace na 2018 kashi 70, Nirvana in Fire na 2015 kashi 54, kowane kashi kusan minti 45. Wanda ya wuni a rumfa ya dawo da ciwon baya zai ce wannan ai cin lokaci ne da cin data. Yana da gaskiyarsa, domin hukumar da ke kula da talabijin a Chana ma ta fitar da sanarwa a 2020 tana jan hankalin masu shiryawa kada su riƙa wuce kashi 40.

Sai dai yankewa ma ba magani ba ce. A 2015 an matse Empresses in the Palace ya koma kashi 6 na minti 90 saboda masu kallo a Amurka, kuma waɗanda suka san na asali ba su gamsu ba. Dalili a fili yake. Makircin gidan sarki kamar bashi ne, yau ake ci, a biya bayan kashi talatin. Akwai wata matar sarki da ya keɓe wa turaren wuta na musamman, tana ta yi wa kishiyoyi fariya da shi shekara da shekaru, ashe turaren ne ya hana ta haihuwa, kuma da sanin sarkin. In ba ka ga shekarun fariyar ba, ranar da ta gane gaskiya ba za ta taɓa ka ba.

Yanxi Palace kuwa abin da ya sa ya karɓu shi ne jarumar, Wei Yingluo, ba ta da haƙurin nan na kuka a lungu. Ka taɓa ta da safe, kafin magariba ta rama. 'Yan mata na yi mata tafi, iyaye kuma na cewa kuyangar da za ta yi wa uwargijiyarta rabin wannan tsaurin ido a gidan sarauta na gaske ba za ta kwana da rai ba. A shekarar 2018 babu wani shirin talabijin a duniya da aka nema a Google kamar shi, alhali Google ɗin a toshe yake a cikin Chana.

Inda ake yi mana asara

A nan ne nake ganin mu Hausawa muka fi kowa cutuwa. Yawancinmu ta Faransanci ko Turanci muke karanta fassarar, kuma waɗannan harsuna ba su da ma'ajin da za su zuba maganar fada. Hausa kuwa tana da shi.

Ɗauki kalmar "ni". A fadar Chana sarki yana da tasa shi kaɗai, zhen, wadda tun zamanin sarkin da ya haɗa ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa aka haramta wa kowa faɗinta. Bafade yana ce wa kansa nucai, wato bawanka. Kuyanga tana da tata, matar sarki tana da wadda take yi wa sarki da wadda take yi wa na ƙasa da ita. Duk waɗannan a rubutun ƙasan allo kalma ɗaya suke komawa. Saboda haka ranar da sarki ya ajiye zhen ya ce wa mace "ni" irin ta talakawa, ɗan Chana gabansa faɗuwa yake yi, mu kuwa muna ta cin gyaɗarmu.

Gaisuwar fada, wansui, ma'anarta shekara dubu goma. Bature ya ga abin kamar almara, amma ɗan da ya tashi yana jin "ranka ya daɗe" da "Allah ya ja zamanin sarki" ya san gida. Uwar sarki da ake ta fassarawa da doguwar kalma, a Kano Mai Babban Ɗaki ce. Matan sarkin daular Qing hawa takwas ne, daga uwargida guda ɗaya har zuwa ƙananan ƙwaraƙwarai da ba a ƙayyade yawansu ba, amma sau da yawa fassara kan haɗa su a buhu ɗaya, sai ka rasa dalilin da wannan ke durƙusa wa waccan.

Haka zancen dangi. Sinanci ya raba ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa kamar yadda muka raba baffa da kawu, ya raba gwaggo da inna, ya raba wa da ƙane. A rikicin gadon sarauta, baffa mai neman kujera ne, kawu kuwa mai tsaya wa ɗan ƙanwarsa ne. Fassara ta mayar da su abu ɗaya. Kishiyoyin fada kuma suna kiran juna jiejie da meimei, yaya da ƙanwa. Wace Bahaushiya ce ba ta san nauyin "Yaya" a bakin amarya ba?

Sai sunaye. Mutum ɗaya a Three Kingdoms ana ce masa Zhuge Liang, ana ce masa Kongming. Sunan yanka ne da sunan girmamawa, kuma kiran babba da na yanka raini ne, kamar dai alkunyarmu. Mai fassarar da ya daidaita su don sauƙi ya share zagi da ladabi gaba ɗaya.

Tarihi ne ko ƙagen marubuci?

Sarakunan gaskiya ne: Yongzheng ya yi mulki daga 1722 zuwa 1735, ɗansa Qianlong ya gaje shi. Akwai kuma mace 'yar gidan Wei da ta haifi sarkin da ya biyo bayan Qianlong. Amma sunan Yingluo da ramuwar gayyarta aikin marubuta ne, Nirvana in Fire kuwa daga littafin ƙagaggen labari aka ɗauko shi. Fadar da ake gani a Yanxi Palace ma kwaikwayo ce da aka gina a Hengdian, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Yiwu, inda 'yan'uwanmu ke saro kaya. Zancen turare da hana haihuwa shi ma na fim ne, kada wata ta ɗauke shi maganar likita.

Ga wanda ke son abin da ya shafi sana'armu, ya nemi Qiao's Grand Courtyard na 2006, mai kashi 45. Labarin Qiao Zhiyong ne, attajirin lardin Shanxi da ya rayu daga 1818 zuwa 1907. A fim ɗin, wansa ya yi ƙoƙarin saye dawar kasuwa duka ya karye, shi kuma ya bar karatu ya ɗauki bashin gida, ya janye man da yaransa suka yi wa algus ya biya mutane, daga baya ya shiga harkar aika kuɗi da takarda daga gari zuwa gari. Duk wanda ya taɓa ba da kuɗi a Kano aka karɓa a Kwatano bisa amana zai ga kansa a ciki.

Shawarata ga iyaye ita ce kada a bar yara su kaɗai da waɗannan finafinai a waya, domin akwai shan giya, da sujada ga mutum, da kisa da guba. A kunna a falo. Yaron da ke boko ya karanta Faransancin ko Turancin, ya mayar wa kakarsa da Hausa, ita kuma ta gyara masa: wannan ba "matar sarki" ake ce mata ba, sa-ɗaka ce; waccan jakadiya ce; wancan da ke tsaye a bakin ƙofa shamaki ne. Yaron da aka haifa a Duala ko Akara ba lallai ya ji waɗannan kalmomi a wani wuri ba.