Ukaimeden, Ƙauyen Zamiya a Tsaunukan Maroko

Daga Marakesh zuwa Ukaimeden tafiyar kilomita 75 ce ko kusa da haka, amma direba bai isa ya yi gaggawa ba, domin da zarar an bar kwarin Urika sai hanya ta shiga nannaɗe tsaunukan Atlas, kwana na bin kwana. A bar gonakin zaitun a baya, a wuce ƙauyukan jar ƙasa da ke manne a jikin dutse, har a kai inda itatuwa suka ƙare. A can, a tsayin mita 2,600, akwai wani fili mai faɗi da tsaunuka suka yi wa zobe, da ɗan tafkin madatsar ruwa, da 'yan masaukai da gidajen dutse. Wannan shi ne Ukaimeden, wanda ake wa kirari da wurin zamiyar dusar ƙanƙara mafi tsayi a Afirka. Turawan Faransa ne suka fara wasan a nan tun zamanin mulkinsu, kuma har yau ƙungiyarsu ta masu hawan tsauni tana da masauki a ƙauyen.

Lokacin zamiya gajere ne, daga Janairu zuwa Maris idan shekara ta yi kyau. Ranakun Asabar da Lahadi kuwa motoci kan yi layi tun daga gangare. Galibin masu zuwa ba 'yan wasa ba ne. Magidanta ne daga Marakesh da Kasabalanka da suka kwaso iyali don yara su taɓa ƙanƙara da hannunsu, su dunƙula ta su jefi juna, a ɗauki hoto a koma gida kafin magariba. Saboda su ne kasuwar bakin hanya take ci. Samarin ƙauyukan da ke kewaye sukan jera allunan zamiya da sanduna da takalma a kan dusar, yawancinsu gwanjon Turai ne da suka sha jiki, su bayar haya. Za ka ga saurayi cikin jallabiyar ulu mai hula ya durƙusa gaban baƙo, ya zura masa ƙafa cikin takalmin roba mai tauri, ya buga maɓallan da tafin hannu, ya miƙe ya nuna masa yadda zai haɗa bakin allunan biyu idan yana so ya tsaya. Shi ne mai haya, shi ne malami, kuma in baƙon ya faɗi shi zai ɗaga shi. Kuɗin komai sai an yi ciniki. A gefe ga masu alfadarai suna jiran wanda zai hau a kai shi saman gangara, ga masu zuma da busasshen ganye, ga tukwanen tajin a kan garwashi da butocin shayi mai na'a-na'a.

Zamiyar iri biyu ce, kuma ya kamata baƙo ya san wadda yake nema tun kafin ya taso. Ta farko ita ce ta gangara. A nan takalmin a kulle yake da allon gaba da baya, na'ura ce ke kai mutum sama, nauyin jikinsa ya dawo da shi ƙasa. Masu koyo suna da ƙananan gangara a gindin dutse, inda igiya ke jan su a tsaye. Gwanaye kuma sukan hau kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe, su tashi da su har ƙololuwar Jabal Ukaimeden, sama da mita 3,200. Idan sama ta washe, daga can ana hango Tubkal, tsaunin da ya fi kowane tsayi a Arewacin Afirka da mita 4,167, a ɗaya gefen kuma filin Hawuz a shimfiɗe har Marakesh. Sai dai kada wanda ya saba da Faransa ko Suwizalan ya zo da tsammanin irin nasu. Ba a cika gyara hanyoyin da inji ba, duwatsu kan leƙo daga ƙarƙashin dusar, da safe ta daskare ta yi ƙarfi, da rana ta yi laushi ta jiƙe. Kujerun ma ba kullum suke aiki ba, iska mai ƙarfi ko matsalar inji kan tsayar da su.

Ta biyu ita ce ta dogon zango, wadda diddigen ƙafa yake a sake, mutum na tafiya yana tura kansa da sanduna. A Norwe inji ne ke yanka wa masu yin ta layuka biyu cikin daji, su bi kilomita da yawa. A Ukaimeden mutum shi zai fasa hanyarsa. Mai neman sauƙi ya zagaya filin da ke bakin tafki. Mai ƙarfin gwiwa kuma ya liƙa wa ƙasan allunansa wani ƙyalle mai gashi da ke hana su zamewa baya, ya hau da ƙafarsa ta mashigar Tizi n'Eddi, ya gangara Tashedirt, ɗaya daga cikin ƙauyukan da suka fi tsayi a yankin. Wannan ba tafiyar da za a yi ba tare da ɗan jagora ba ce, domin dusar kan zabtaro daga gefen tsauni, kuma ɗan gari ne ya san inda take yin haka. Wanda kuma yake son ƙasa mai sauƙin hawa da inuwar itatuwa, gara ya nufi arewa, Mishlifen da ke kusa da Ifran, cikin dajin al'ul. A Ifran ɗin ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, a 1935. Maroko ma tana da ɗan wasan da ya haɗa iri biyun, Samir Azzimani, wanda ya yi ta gangara a gasar Olamfik ta hunturu ta 2010, ya dawo ya yi ta dogon zango a ta 2018.

Ni dai na fi ganin alheri a ta biyun, ba don ta fi daɗi ba. Mai zamiyar gangara kuɗinsa a gindin igiya yake tsayawa. Mai tafiya kuwa sai ya ɗauki jagora, ya yi hayar alfadari don kaya, ya kwana a gidan baƙi na ƙauye, ya ci burodin da matan gidan suka gasa. Abin da ya kashe yana shiga gidajen da mota ba ta isa sosai da hunturu.

Amma duk wannan watanni uku ne. Filin da ake zamiya a kai makiyaya ce tun kafin a san wasan, kuma shaidar tana nan a kan jajayen duwatsun wurin, inda mutanen dubban shekaru da suka wuce suka sassaƙa shanu da wuƙaƙe da giwaye. Har yau ƙabilun Amazig biyu, Geghaya da Urika, suke da haƙƙin kiwo a nan, bisa wata doka ta gargajiya da suke kira agdal. Daga 15 ga Maris ake rufe filin, ba tunkiyar da za ta taka shi, har ciyawa ta girma ta zubar da iri. Ranar 10 ga Agusta ake buɗewa, iyalai su hauro da garkunansu su zauna a bukkokin dutse da ake kira azib, wuri ya cika da hayaƙi da kukan awaki. Dokar tana jingine da albarkar waliyyin yankin, Sidi Faris. Duk wanda ya san yadda burtali da hurumin kiwo suka lalace a ƙasarmu zai gane darajar mutanen da suka iya kame kansu kusan wata biyar, ciyawa na kore a gabansu.

Dusar da baƙo ke wasa a kai ita ce za ta narke ta zama wannan ciyawa, ta kuma gangara ta shayar da gonakin tuffa da sha'ir a kwaruruka. Shi ya sa shekarun fari da Maroko ta jera a baya-bayan nan suka yi wa ƙauyen duka biyu. An yi hunturun da gangarar ta zauna baƙa ƙirin har tsakiyar lokaci, masu haya suna zaune da kayansu ba mai tambaya, sannan rani ya zo da ƙarancin abincin dabbobi. Ana cikin haka girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta afka wa lardin Hawuz, ta kashe mutane kusan 3,000, ta rushe ƙauyuka da dama a waɗannan tsaunuka.

Mutanen wurin suna neman wasu ƙofofin. Akwai cibiyar duban taurari ta Jami'ar Kadi Ayyad a kan tudu, akwai masu zuwa hawan duwatsu da masu kallon tsuntsaye idan ƙanƙara ta narke. An kuma daɗe ana maganar zuba jari a mayar da Ukaimeden wurin shaƙatawa na zamani. Gyaran igiyoyi da hanya abu ne da kowa zai yi maraba da shi. Sai dai idan jarin ya haɗa da injin da ke ƙera dusar ƙanƙara, to injin ruwa mai yawa yake sha, kuma ruwan da ke wannan fili yana da masu shi, waɗanda ke hauro da garke kowane Agusta.