Bindigar Kara Da Bindigar Kanti

A ƙasar Bici, inda gona ke jingine da gona daga wannan ƙauye zuwa wancan, da an gama girbi sai ka ga yara sun duƙufa kan karan dawa. Wani ya ƙera mota, wani bindiga, wani kuwa baka da kibiya. Waɗansu malamai suna ganin ya kamata a hana wasa da irin waɗannan makamai, wai yana koya wa yaro son faɗa.

Amma a duba da kyau. Yaron da ya ƙera bindigar kara ya koyi aikin hannu da haƙuri, waɗanda yake kwaikwayo kuwa 'yan bindigar Sarki ne na ranar hawan Salla. Majajjawa ma kayan aiki ce, gama da ita ake korar tsuntsaye daga gero in ya fara nuna.

Inda hatsari yake shi ne bindigar roba ta kanti, wadda ke harba 'yan ƙwayoyi masu tauri. Cikin shekarar 2015 gwamnatin Afganistan ta hana sayar da bindigogin wasa, bayan yara fiye da 100 sun ji rauni a ido lokacin ƙaramar Salla. Ido kuwa ba a sayensa a kasuwa.

Saboda haka, malamai da iyaye, a bar yaro da karansa, a raba shi da duk bindigar da ke harba ƙwaya. A kuma hore shi kada ya auna fuskar ɗan'uwansa da kome, ko da wasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.