Mararrabar Tsarnawa

Gabas kaɗan da Birnin Ƙonni, a Tsarnawa, hanya ta rabu biyu. Babbar hanyar ƙasa ta 1 ta miƙe zuwa Malbaza, garin siminti, da Galmi, garin albasa, har Maraɗi. Ta 29 kuwa ta yi arewa, ta ratsa Badagishiri a gundumar Illela zuwa Tawa, inda hanyar yuraniyom ta Agadas da Arlit ta ɗora.

Babu gadar sama a nan, irin mai hawa uku ta Diori Hamani da aka buɗe a Yamai a 2018. Amfanin irinta shi ne mai wucewa ya bi sama, mai shan kwana ya bi ƙasa, ba su haɗuwa. A Tsarnawa kuwa tirela da babur da amalanke duk a kwalta ɗaya suke gwamuwa.