Sana'ar Zana Katun Don Darasin Bayoloji

A ajin SS2, malami yakan zana zuciya a allo da alli, ya raba ta ɗaki huɗu, ya ja kibiyoyi, ɗalibai su kwafa su haddace don WAEC da NECO. Amma zuciyar da ke allo ba ta bugawa. A nan mai zanen katun na ilimi yake samun abincinsa: shi ne ke sa abin da ke kwance a littafi ya motsa, yaro ya ga ƙofofin zuciya suna buɗewa suna rufewa, jini yana tafiya huhu ya dawo.

Aikin yana farawa ne da manhajar karatu. Mai zanen yakan zauna da malamin bayoloji su rubuta abin da za a faɗa, sannan ya tsara hotunan a takarda ɗaya bayan ɗaya, kafin ya taɓa kwamfuta. Da yawa daga masu zanen manhajar kwamfuta ta Blender suke amfani da ita, saboda kyauta ce tun 2002. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato 1,440 a minti guda. Kwamfuta takan cike tsakanin motsi da motsi, amma ido da hannun mai zane ne ke gyara kowace gaɓa. Daga ƙarshe a ɗora murya.

A ɗauki zazzaɓin cizon sauro a matsayin misali. Macen sauro ta zuba ƙwayar cutar a fata, ƙwayar ta bi jini ta shiga hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, dubbai su fito su afka wa jajayen ƙwayoyin jini, su riƙa fasa su kusan duk bayan awa 48. Ɗalibin da ya ga fashewar nan da idonsa ya gane dalilin da ya sa zazzaɓin ke tafiya yana dawowa. Drew Berry, na cibiyar bincike ta Walter and Eliza Hall da ke Melbon a Ostireliya, ya zana wannan zagayen, kuma a 2010 ya samu kyautar MacArthur saboda irin aikinsa. A 2006 Jami'ar Harvard ta fito da fim ɗin katun The Inner Life of the Cell, wanda ya shiga azuzuwa a ƙasashe da dama. A Najeriya, kamfanin uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019 yana sa katun a darussansa na sakandare.

Inda sana'ar take da wuya shi ne riƙon gaskiya. Dole mai zane ya rage wani abu, domin cikin ƙwayar halitta a cunkushe yake, in an zana komai ba a ganin komai. Dole ya gaggauta lokaci: rabuwar ƙwaya gida biyu da ke ɗaukar kusan awa guda, sai ya nuna ta cikin rabin minti. Launi ma ƙirƙirarsa yake yi. Shuɗin da ake shafa wa wasu jijiyoyi ya sa yara da yawa sun ɗauka akwai jini shuɗi, alhali jinin mutum ja ne ko'ina. Abin da yaro ya gani yana motsi ba ya saurin fita daga kansa, ko da kuskure ne. Shi ya sa gwani ba ya sakin aiki sai masanin fannin ya duba.

A Arewa abin ba baƙo ba ne, don a zamanin Turawa majigi ya riƙa yawo gari gari da fina-finan tsafta da noma. Matsalar yau ita ce wuta da kuɗin data. Mai zanen da ya san makarantunmu yakan yi bidiyon gajere, mara nauyi, wanda malami zai tura wa ɗan'uwansa ta WhatsApp, ya kuma tsayar a tsakiya ya yi wa aji tambaya. Saurayin da ya iya zane, ya ci bayoloji, kuma zai iya ɗora bayani da Hausa mai daɗi, yana da fili a gabansa.